Na tatsi ruwan goro amma ya lalace, ina kuskuren yake?

Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah a taimaka min. Ni mai gadi ne nan Maradi, tauna goro ya jajanta min haƙora, shi ne na ce bari in fidda kafeyin ɗin cikinshi, wato sinadarin nan mai hana barci, in riƙa sha kamar shayi. Na sayo farin goro na jikka guda a babbar kasuwa, na daka, nan take ya koma ja, na jiƙa a ruwan zafi na tace da ƙyalle na zuba a bidon. Ɗaci kamar maɗaci, kuma kwana 3 kawai ya yi funfuna da tsami, ga shi ba ni da firigo. Sai an shanya goron tukuna ne, ko zafin garin nan ne? Kuma kofi nawa ne bai sa bugun zuciya?