Tsayuwa gaban fosta a taron masu nazarin hotuna: me ya same ku?

'Yar Lugbe:
Assalamu alaikum. An karɓi maƙalata a wani ƙaramin zama da ake haɗawa da babban taron masu koya wa kwamfuta gane hotuna, amma fosta aka ba ni, ba jawabi ba. Aikin kan gano ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ne a hoton jini, wanda muke ɗauka da waya ta bakin madubin ɗakin gwaji. Ban taɓa yi ba. Malamina cewa kawai ya yi in tsaya in amsa tambaya. Yayyena da suka taɓa tsayuwa, don Allah me ya same ku a wurin?

Ɗan Rayfield:
Wa alaikumus salam ƙanwata, barka da arziki. Ni na tsaya a Deep Learning Indaba da aka yi a Accra a 2023, da aikin cutar ganyen dankalin turawa. Na fara horar da manhajata da tarin hotunan PlantVillage, masu sama da 54,000, waɗanda aka tsinko ganye ɗaya-ɗaya aka shimfiɗa a fili mai tsabta aka ɗauka. Sakamako ya yi kyau har ina jin kaina. Da damina na shiga gonakin Bokkos da wayata, sai ido ya raina fata. Ganye kan ganye, jar ƙasa ta fallatsa masa, ga raɓa, ga inuwar hannuna. Inda laka ta bushe sai ta ce cuta ce. Daga baya na ga su ma waɗanda suka fara wallafa aiki da hotunan a 2016 sun faɗi haka da kansu: sun haura kashi 99, amma da suka gwada da hotunan waje sai abin ya sauko wajen kashi 31.

To saboda kunya sai na ƙanƙance sakamakon gona, na cusa shi can ƙasan fosta ta dama. Wallahi duk wanda ya tsaya, nan yake duƙawa. Babu wanda ya tambaye ni babban jadawalin da na kwana ina yi wa ado. Wani ɗan Uganda mai aikin rogo ya fi rabin awa a durƙushe muna kallon hoton ganye mai laka, yana nuna mini nasa a waya.

Dakta Gwarinpa:
Tawa matsalar tun daga bugu ta fara, kuma laifina ne. Zan tafi MICCAI na 2024 a Marrakesh, karo na farko da aka kawo taron Afirka, sai na bar bugun fosta har ana gobe tafiya. Na kai wa masu buga allunan kamfe, suka zuba mini a leda mai sheƙi. Ga ɗan siyasa da hula zanna ta yi daidai. Ga hoton MRI kuwa, inda duk zancen yake cikin bambancin toka-toka mai haske da mai duhu, sai ƙwaƙwalwar ta fito kamar tabon gawayi. Da fitilun zauren suka haska, iyakar ƙarin da nake son nunawa ta ɓace gaba ɗaya. Da kwamfutata a hannu na ƙarasa bayani.

Ki duba girman da suka ce. In A0 ne, milimita 841 ne da 1189, sannan ki tabbatar a tsaye suke so ko a kwance. Ki buga a kan ƙyalle mara sheƙi, ya linku cikin jaka. Kuma ki sa su fara buga miki ɗan yanki ki gani da idonki, don ke ma launin shuɗi da jan Giemsa ne jarinki.

Tambayar da aka fi yi mini ita ce da wace na'ura aka ɗauki hotunan, ƙarfinta tesla nawa. Su sun saba da hotuna masu tsabta, namu kuma wani lokacin majinyaci ya motsa, kuma ciwon ya riga ya yi nisa kafin ya zo. Shi ya sa ma aka ware wa hotunan Afirka nasu sashe a gasar BraTS ta gano ƙarin ƙwaƙwalwa.

Malam Mai GPU:
'Yar Lugbe, kafin ki yi zancen ƙyalle, amsa mini abu ɗaya: da kika raba hotunan horarwa da na gwaji, da hoto kika raba ko da majinyaci? Ni wata dattijuwar farfesa ce ta yi mini wannan tambayar, a hankali, tana riƙe da kofin shayi. Na yi tsuru-tsuru. Gilashin jini ɗaya muna ɗaukarsa hoto da yawa, na haɗe su duka na cakuɗa na raba. Ke nan jinin mutum ɗaya yana nan a ɓangaren karatu, yana nan a ɓangaren jarrabawa. Manhajar ba ƙwayar cuta kaɗai ta koya ba, ta haddace launin rinin wannan gilashin da ƙurar da ke kan madubin. Satar amsa ce, ni na ba ta da hannuna ban sani ba. Matar ba ta kunyata ni ba, ta zana mini yadda zan sake rabon a bayan katinta. Na dawo Abuja na sake, lambar ta sauko sosai.

Ummu Khalil:
Ni ban ma samu tsayuwar ba. Takardar gayyata, tallafin tafiya, komai ya kammala, amma ofishin jakadancin ƙasar ya hana ni biza. Wani abokin aikinmu da ke karatu can ya liƙa mini fostar, ya kira ni ta bidiyo ya jingina wayar a kujera. Ina zaune a Jos da rigar sanyi, ƙarfe biyun dare, ina kallon ƙafafun mutane suna wucewa. Zuwa da kai ya fi saƙo. Da aka yi ICLR a Kigali a 2023 kuwa, a filin jirgi aka buga mini hatimi. Ki nemi biza yau, kada ki jira kuɗin tafiya su fito.

Ɗan Rayfield:
Allah Ya huci zuciyarki Hajiya. Amma dai maganata tana nan, hotunan gida su ne abin da ke tsayar da mutane.

Dakta Gwarinpa:
Suna tsayar da su, Malam, amma ba duk mai tsayawa ne abokin arziki ba. Mutum biyu suka nemi in tura musu hotunan majinyatanmu, ɗaya har yana cewa zai sa sunana a wurin godiya. A wurin godiya fa, bayan shekara biyu muna zana iyakar ƙari da hannu, yanki bayan yanki. Na ce masa izinin kwamitin ɗa'a da muke da shi bai ba ni damar fitar da su ba, in aikin haɗin gwiwa yake so a rubuto wa asibiti. Bai sake waiwayata ba. Ƙanwata, jinin mutane ne a hotunanki, ki san abin da takardar izininki ta ce kafin ki hau jirgi.

'Yar Lugbe:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Malam Mai GPU, na je na duba, jikina ya yi sanyi: da hoto na raba. Sa'ar da na yi, lambar kowane gilashi tana cikin sunan hoton, don haka zan iya sake rabon cikin daren nan in wuta ta tsaya. Gobe zan kai wa malamina duk abin da ya fito, mu rubuta wa masu shirya zaman. Dakta, a ina kika samu masu buga ƙyallen a nan Abuja, kuma kwana nawa suke ɗauka?