Komawa kwalejin al'umma bayan jami'a ta sallami ɗalibi a Amurka: abin da masana suka ba da shawara

Yawancin jami'o'in Amurka suna sallamar ɗalibi idan GPA ɗinsa, wato matsakaicin makinsa, ya ci gaba da zama ƙasa da 2.0 bayan zangon gargaɗi. Kwalejojin al'umma na shekara biyu kuwa galibi ƙofarsu a buɗe take, don haka samun gurbi ba shi ne matsalar ba.

Abin da aka fi nanatawa shi ne kada ka ɓoye tsohuwar takardar sakamakonka. Makarantu suna iya gano inda ka taɓa karatu ta National Student Clearinghouse, cibiyar da ke tattara bayanan rajistar ɗalibai a Amurka, kuma ɓoyewar na iya jawo wata sallamar.

Kuɗi ne wurin da ake yawan tuntuɓe. Tallafin gwamnatin tarayya yana buƙatar GPA 2.0 da cin kusan kashi 67 cikin 100 na kiredit (ma'aunin nauyin darussa) ɗin da ka yi rajista. Wanda ya gaza sai ya rubuta koke, da hujjar rashin lafiya ko rasuwar ɗan uwa idan akwai. Rancen tarayya kuma, bayan wata 6 da saukar darussanka ƙasa da rabin na cikakken ɗalibi, biya zai fara.

A zangon farko ka ɗauki darasi biyu ko uku kawai, sai dai mai bizar karatu ta F-1, wanda dole ya ɗauki kiredit 12 kuma ya mayar da rajistarsa ta SEVIS, tsarin gwamnati na bibiyar ɗaliban ƙasashen waje, zuwa sabuwar kwalejin cikin gaggawa. Kafin rajista, ka tambayi jami'ar da kake son komawa waɗanne darussa za ta karɓa; yawanci sai mai makin C zuwa sama. Sabon maki ba ya goge tsohon GPA a can.