Neman shawara: za mu je Paris da yara uku da Hajiya, kwana biyar kacal

Assalamu alaikum 'yan uwa. Maigidana ya samu hutu a watan Agusta, daidai dogon hutun yara, ya ce mu je Paris buɗe ido na kwana biyar. Mu shida ne: ni da shi, yara uku masu shekara 11, 7 da 3, sai Hajiya mahaifiyarsa da ciwon gwiwa ke damu. Ya rubuta wurare har goma sha biyu da yake so mu gani. Ni kuwa tunanina yana kan abinci, sallah da ƙafar Hajiya. Sannan ina sa niƙabi. Don Allah wanda ya taɓa zuwa ya taimaka.

Wani ɗan uwa mazaunin Faransa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Bari in fara da niƙabin, gara ki sani kafin a biya kuɗin jirgi. Tun Afrilun 2011 dokar Faransa ta hana rufe fuska a bainar jama'a, tarar tana kaiwa Yuro 150. Hijabi da abaya kuwa ba mai tare ki a titi. Ku zauna da maigida ku tattauna sosai. Batun Hajiya babba, ku yi hankali da jirgin ƙarƙashin ƙasa, metro. Yawancin tashoshin matakala ce zalla, hawa da sauka, layi na 14 ne ke da lif a kowace tasha. Bas ya fi muku, ga shi za ta riƙa kallon gari ta taga. Ɗakunan otal a nan ƙanana ne, ku shida sai kun kama biyu ko uku. Ku nemi gidan haya mai kicin, ku tabbatar akwai lif. Ku leƙa Château Rouge a layi na 4, kasuwar 'yan Afirka ce: kuɓewa, doya, manja, busasshen kifi, naman halal, duk akwai.

Wata 'yar uwa daga Zariya:
Yaya, wurare goma sha biyu a kwana biyar da tsohuwa da 'yar shekara uku? Wallahi ba za ku ji daɗi ba. Mu ma kuskuren da muka yi ke nan. Mun shiga gidan tarihi na Louvre muka yi awa uku, ƙaramin yana kuka, ni ƙafata ta kumbura, washegari ba wanda ya iya fita da safe. Babban wuri ɗaya a rana ya isa. In za ku Louvre, a rufe yake ranar Talata, kuma ku zaɓi ɓangare ɗaya tun daga gida. Yarana sun fi son na tsohuwar Masar. Hasumiyar Eiffel ku sayi tikiti ta intanet da wuri, na lif, don matakala 674 ce zuwa hawa na biyu. Abin da ya fi burge mahaifiyata shi ne jirgin ruwa a kogin Seine, kusan awa guda tana zaune, ga Eiffel, ga cocin Notre-Dame suna wucewa. Har yau tana zancensa. Disneyland, babban wurin wasannin yara, wuni guda yake ci, yana bayan gari, jirgin ƙasa na RER A ake shiga. Ranar a bar Hajiya ta huta.

Wani malami a cikinmu:
Ki sa Babban Masallacin Paris a jerin, wanda aka buɗe a 1926 don tunawa da sojoji Musulmi da suka mutu wa Faransa a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Akwai wurin shan shayi a jikinsa, tsallaken titi kuma ga lambun Jardin des Plantes mai gidan dabbobi. Hajiya ta yi sallah ta huta, yara su ga namun daji. A farkon Agusta rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, ki sa manhajar lokutan sallah a waya. A Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cika sallah yake yi, ba ƙasaru ba.

Wani ɗan uwa daga Abuja:
Ku fara neman bizar Shengen, wadda ake shiga Faransa da ita, tun yanzu, ana karɓar takardu wata shida kafin tafiya. Kowa sai da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. 'Yan sane sun yi yawa a metro da gindin Eiffel, jaka ta zauna a gaba, fasfo kada ya kwana a aljihun baya. Ki rubuta lambar wayarki ki sa wa kowane yaro a aljihu.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Na karanta wa maigida, ya rage jerin zuwa biyar. Maganar niƙabin ta tsaya mini a rai, sai na yi istihara. Tambaya ta ƙarshe: mu tafi wa Hajiya da keken guragu ne?

Ɗan uwa mazaunin Faransa:
Ku taho da mai naɗewa in akwai. Louvre suna ba da aro kyauta, amma a cikin ginin kawai. Ku kuma sanar da kamfanin jirgi aƙalla awa 48 kafin tashi, za a tare ta da keke a filin Charles de Gaulle, don tafiyar cikinsa doguwa ce.