Neman shawara: rumfar kwana uku ta kayan hawan dutse da muke ɗinkawa daga gwanjo

Sadiya, Mamobi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni da ƙanena muna ɗinka kayan fita daji da hawan dutse: riguna masu hula, wanduna masu aljihu da yawa, da jakunkunan goyo. Yadin duk daga Kantamanto yake, babbar kasuwar gwanjo ta Accra, cikin kayan da suka yi kwantai a hannun 'yan gwanjo. Mu farke, mu wanke, mu sake yanka. Masu sayenmu su ne matasan nan da ke haɗa kuɗin mota ranar Asabar su tafi Shai Hills ko Aburi, wasu har Afadjato. Ba mu da shago, a Instagram da WhatsApp muke ciniki. Yanzu muna so mu kafa rumfa daga Juma'a zuwa Lahadi, mutane su zo su taɓa kaya su gwada. Ina ya dace mu kafa? Yaya za mu tsara wurin? Kuma yaya za mu yi maganar muhalli ba tare da ta zama lacca ba?

Alhaji Garba, Sabon Zango:
Wa alaikumus salam 'yata. Gwanjo ne sana'ata, saboda haka ki saurara. Ƙungiyar The Or Foundation ta ƙiyasta cewa tufafi kusan miliyan 15 ke shigowa Kantamanto duk mako, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari shara suke komawa. Wanda ya bi ta Old Fadama ko bakin tekun Jamestown ya ga inda suke ƙarewa. Amma kada ki tara hotunan bola ki ce kin yi bayani. Ki kawo dila guda, ɗaurarriya da wayarta yadda take sauka, ki ajiye a tsakiyar rumfa. Duk wanda ya shigo ki ce ya gwada ɗagawa. Tana kai kilo 55, kuma ita 'yan mata masu dako, wato kayaye, ke ɗauka a ka. Sannan a yanke wayar a gaban jama'a, a ware na farko, na biyu, da wanda ba mai saye. Ki nuna musu cewa daga tarin na ƙarshen rigarki ta fito. Roƙona ɗaya: kada a aibata 'yan kasuwa. Tun gobarar Janairun 2025 da ta cinye yawancin kasuwar, mutane da yawa bashi suke biya.

Bashir, Madina:
Anti, ki kai ta Osu, ko ki jira bikin zane-zanen titi na Chale Wote a watan Agusta. Can masu kuɗin suke.

Rukayya, Nima:
Bashir ban yarda ba. A Chale Wote hayaniya za ta haɗiye ta, mutane hoto za su ɗauka su wuce. Yaya Sadiya, ki fara daga gida, wajen Kawukudi, inda motocin haya na trotro ke sauke mutane ta ko'ina. Ki nemi izinin majalisar yankin da wuri. Ki kuma gaida shugabannin "base", wato dandalin hirar samarin unguwa, kafin ranar, su ne za su cika miki wuri su kuma tsare miki kaya.

Abin da ya fi damuna shi ne mu mata. Ina zuwa hawan dutse, kuma kullum matsalar ɗaya ce: kayan wasanni na kanti sun matse jiki, abaya kuma tana harɗe ƙafa a kan duwatsu. Idan kina da riga mai kaiwa gwiwa, tsagagge a gefe, da wando mai faɗi wanda ake tsuke ƙafarsa, da hijabi mara nauyi da ba ya riƙe gumi, su za ki sa a gaba-gaba. Ki yi ɗakin gwaji na mata mai labule na gaske da madubi, ki ware gefe da tabarma da buta. Ranar Juma'a kada ki buɗe sai an sauko daga masallaci.

Malam Tanko tela, Aboabo, Kumasi:
Hajiya, ki kai keken ɗinki rumfar, ƙanenki ya zauna yana aiki. Wanda ya zo da tsohuwar jaka mai lalataccen zif ko wando da ya yage, a gyara masa nan take da ɗan kuɗi kaɗan. Mai jiran gyara zai zagaya ya duba kaya.

Sai batun ruwa. Yadin leda na iya hana ruwa, amma duk inda allura ta bi ta bar huda. In ba ku liƙe ɗinkin ta ciki ba, kada ku rubuta "ba ya shan ruwa". Ku ce yana tare yayyafi da iska. Ki rataye riga ɗaya, ki ajiye buta kusa, mai saye ya zuba da hannunsa ya leƙa ciki. Kuma ku tuna rigunan nan don sanyin Turai aka yi su. Ku cire shafin ciki, ku sa raga a hammata da baya, in ba haka ba mutum zai jiƙe da gumi kafin ya kai rabin dutse.

Hafsa, New Town:
Ban da balan-balan da babban allon leda da za a yar ranar Litinin. Katakon fale, wanda ake jera kaya a kai, ya isa teburi, sunanku kuma a ɗinka shi da ƙyallaye. Sobolo, wato zoɓo, a kofin da ake wankewa, ba ruwan leda ba. Kowace riga a maƙala mata farashi a fili, a manna lambar MoMo ta biyan kuɗi ta waya. Ɗalibi in bai ga farashi ba, kunya za ta hana shi tambaya.

Sadiya, Mamobi:
Allah ya saka da alheri. Mun tsaya a kan Kawukudi, cikin Agusta bayan ruwan Yuni da Yuli ya lafa. Baba Alhaji, in ka amince, kai muke so ka yanke wayar dilar ka yi wa matasan bayani da bakinka. Malam Tanko, da me ake liƙe ɗinkin?

Malam Tanko tela, Aboabo, Kumasi:
Akwai siririn tef da ake mannawa da dutsen guga. Ki sa wuta kaɗan, ki ɗora ƙyallen auduga a tsakani don kada yadin ya narke. Ki fara gwadawa a kan guntu, ki bari ya huce, sannan ki zuba ruwa ki gani.