Neman shawara: sunayen kwastomomi sun rikice tun da jerinsu ya koma SharePoint

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana Access a taimaka min. Ni ke riƙe da bayanan odar kaya a wurin aikinmu. Da can tebur biyu ne a cikin Access (manhajar Microsoft ta adana bayanai), na kwastomomi da na oda, lambar kwastoma ce ta haɗa su. Sai aka ce a mayar da na kwastomomi SharePoint (dandalin Microsoft da ma'aikata ke ajiye bayanai tare, inda ake kiran tebur "jeri") don masu aikin waje su riƙa gyara lambar waya da adireshi da kansu. An mayar, na jona jerin da Access, teburin oda kuma yana nan a kwamfutata.

Tun daga nan abubuwa uku suka lalace. Rahoto yana liƙa wa oda sunan wanda bai yi ta ba. A fom, inda ake zaɓen yankin kwastoma, lamba nake gani, 4 ko 11, babu suna. Sannan kweri (tambayar da ke zaro bayanai daga tebur) ɗaya ya ƙi buɗewa, sai dai ya ce Type mismatch in expression. Shin in goge komai in sake daga farko?

Amsa ta 1:

Wa alaikumus salam Hajiya. Kar ki goge komai tukuna, kuma ki dakatar da tura wannan rahoton ga kowa. Matsalar farkon ita ce mai haɗari, domin ba ta nuna saƙon kuskure, suna take kawo miki kamar gaskiya.

SharePoint shi ke ba kowane layi lambar ID da kansa, ba ya karɓar wadda aka zo da ita. A tsohon teburinki, duk kwastoman da aka taɓa gogewa ya bar giɓi, domin AutoNumber, mai ba layi lamba kai tsaye a Access, ba ya maimaita lamba: 1, 2, 3, 5, 6, 9. Da suka hau can sai aka jera su 1, 2, 3, 4, 5, 6. Teburin oda yana nan yana cewa "kwastoma 5", alhali mai lamba 5 yanzu shi ne tsohon mai 6. Gwada ki gani: odar kwastomomin farko-farko za ta fito daidai, rikicin zai fara ne daga inda aka fara gogewa.

Buɗe jerin a burauza ki duba ko tsohuwar lambar ta bi su a wani gurbi (column) na daban. In tana nan, da ita za ki haɗa teburin oda. In babu, kina da kwafin fayil ɗin na kafin ƙaura?

Mai tambaya:

Ikon Allah! Malam haka ne, ukun farko daidai suke, daga na huɗu komai ya karkace. Akwai wani gurbi mai tsofaffin lambobin, da shi ma na yi ƙoƙarin haɗawa, a nan ne saƙon Type mismatch ɗin ya fito.

Amsa ta 2:

To ai matsalarki ta uku ta bayyana kanta. Wannan gurbin rubutu ne, na teburin oda kuma lamba, Access ba ya haɗa 12 na rubutu da 12 na lissafi ko da a ido iri ɗaya suke. Wasu za su ce ki lulluɓe shi da CLng, umarnin da ke mayar da rubutu lamba, a cikin kweri. Zai yi aiki, amma ranar da ya ci karo da gurbin da babu komai ciki zai tsaya cak, ga nauyi. Gara ki buɗe sabon gurbi na lamba a SharePoint, ki zuba tsofaffin lambobin, ki sa masa sharaɗin kar lamba ta maimaitu.

Bayan haka ki danna dama a kan jerin cikin Access, More Options, sai Refresh List. In ba ki yi ba, Access zai ci gaba da ganin tsohon fasalin.

Amsa ta 1:

Na yarda da batun gurbin, amma akwai saura. Sabon kwastoman da masu aikin waje za su shigar gobe, wa zai ba shi wannan lambar? Babu. Ni a ganina a yi amfani da tsohuwar lambar sau ɗaya tak: kweri na sabuntawa ya bi teburin oda, ya musanya kowace tsohuwar lamba da ID ɗin da SharePoint ya bayar. A rubuta sakamakon a sabon gurbi, a gwada da takardun oda na hannu, sannan a koma kansa. A kwafi za a fara, ba a ainihin fayil ba.

Amsa ta 2:

Ranar da aka sake ɗauke jerin zuwa wani wuri kuma fa, Yallabai? ID zai sake canzawa, a dawo gidan jiya. Shi ya sa na fi son lambar da ke hannuna. Amma gaskiya in babu mai kula da ba da lamba, taka ta fi sauƙi.

Amsa ta 3:

Bari in taɓa matsala ta biyun, tunda manya sun bar ta. Gurbin yanki lukof ne (gurbin da ke ɗauko zaɓinsa daga wani jeri), abin da yake ajiyewa ID ne na layi a jerin yankuna, sunan nunawa kawai ake yi. Ki tabbata jerin yankunan ma yana jone da Access kuma kina da izinin karanta shi. Sai ki buɗe saitin kwambon, wato akwatin zaɓen yanki, a fom: Row Source ya ɗauko ID da suna, Bound Column 1, Column Count 2, Column Widths kuma 0cm;5cm. Wannan sifilin shi ke ɓoye lambar. In gurbin mai karɓar zaɓi fiye da ɗaya ne, a kweri sai kin ƙara .Value a bayan sunansa.

Layi nawa ne a jerin kwastomomin? Da zarar ya haura 5,000 SharePoint yana fara ƙin wasu tambayoyin, don haka ki sa indes (abin da ke hanzarta bincike) a gurbin da kike haɗawa da shi tun yanzu. A SharePoint Online kuma lukof 12 ne iyaka a kallo ɗaya, har da gurabun sunan mutum irin Created By da Modified By, waɗanda ake mantawa da su wajen ƙirge.

Mai tambaya:

Allah Ya saka da alheri. Na bi hanyar musanya lambobin a kwafi, sunaye sun dawo daidai, kwambon ma ya gyaru, Column Count ne yake kan 1. Ba mu kai 5,000 ba amma na sa indes ɗin. Sai dai oda kaɗan sun fito babu suna, ashe an goge kwastomominsu a SharePoint. Na je Relationships a Access in hana goge kwastoman da ke da oda, akwatin Enforce Referential Integrity da ke yin hakan ya ƙi dannuwa.

Amsa ta 3:

Ba zai dannu ba 'yar uwa, Access ba ya iya tilasta wannan tsakanin teburinsa da jerin da aka jono daga waje. Lukof na SharePoint ma ba ya ganin teburin da ke kwamfutarki. Ko dai teburin oda ya bi sahu ya hau can, ki sa Restrict delete (hana gogewa) a lukof ɗinsa, ko a cire wa masu aikin waje izinin gogewa, a ba su gurbin "ya daina hulɗa" su riƙa cikawa. Waɗanda aka goge kuma, duba Recycle Bin na shafin yanzu, a SharePoint Online kwana 93 suke yi a ciki kafin su tafi.