Kuɗin wata ga kowane ɗan ƙasa: zai yiwu a Najeriya?

Bakaben Argungu:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ake ta maganar rabon kuɗi, amma abin da na gani a unguwarmu shi ne an rubuta sunayen wasu gidaje, an tsallake maƙwabtansu da suka fi su buƙata. Wani abokin aikina ya ce akwai tsarin da masana ke muhawara a kansa, wanda gwamnati za ta riƙa ba kowane ɗan ƙasa wani adadi duk wata, mai kuɗi da talaka, mai aiki da marar aiki, ba tare da wani sharaɗi ba. Shin an taɓa yin haka a wata ƙasa? Kuma idan aka yi a nan, mutane ba za su ajiye fartanya ba?

Malamin Makaranta, Birnin Kebbi:

Wa alaikumus salam, Malam Bakabe. An gwada shi a wurare da dama, sai dai mafi yawa gwaji ne ƙarami. A Finland, daga 2017 zuwa 2018, an zaɓi marasa aiki 2,000 ana ba kowannensu yuro 560 duk wata, kuma sakamakon ya nuna ba su guji aiki ba, hankalinsu ma ya fi kwanciya. A jihar Alaska ta Amurka tun 1982 ake raba wa mazauna jihar ribar asusun da aka tara daga kuɗin mai, sau ɗaya a shekara, amma al'ummarsu ba ta kai miliyan ɗaya ba.

Wadda ta fi kama da mu ita ce Iran. A ƙarshen 2010 ta rage tallafin mai da na burodi, ta koma biyan kusan kowane ɗan ƙasa kimanin dala 45 a wata. Da farko kuɗin ya yi tasiri, daga baya hauhawar farashi ta cinye darajarsa, ya koma abin da ba ya kai mutum ko'ina.

Mu yi lissafin namu. Idan muka ɗauka manya miliyan 100 ne, aka ba kowa naira 10,000 a wata, a shekara an kashe naira tiriliyan 12. Kasafin gwamnatin tarayya na 2025 kusan tiriliyan 55 ne, wato fiye da kashi ɗaya cikin biyar ya tafi, alhali abin da mutum zai karɓa kashi ɗaya cikin bakwai ne kacal na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Idan kuwa buga kuɗi aka yi don a biya, to hanyar Iran muka kama.

Hajiya 'Yar Kasuwar Jega:

Malam, lissafinka ya yi, amma ina so in amsa wa ɗan'uwana maganar fartanya, domin wanda bai zauna a kasuwa ba ne yake tsoron haka. Manominmu ba lalaci ne ke damunsa ba. Da kaka yakan sayar da shinkafarsa ko albasarsa a farashin da 'yan sari suka yanka masa, saboda yaro ba shi da lafiya ko bashin taki ya zo wuya, sannan da bazara ya dawo ya sayi irin abin da ya sayar da tsada. Wanda ya tabbata wani abu zai shigo masa ƙarshen kowane wata zai iya riƙe buhu biyu ko uku har farashi ya tashi, kuma mace mai dubu goma a hannu za ta shiga adashi ta sayi akuya. A ƙauyukan Kenya inda ƙungiyar GiveDirectly take biyan manya kimanin dala 22 a wata, a shirin shekara goma sha biyu, mutane ba su daina aiki ba, da yawa sun bar ƙwadago sun buɗe ƙananan sana'o'insu.

Abin da nake tsoro shi ne ranar da kuɗi ya shigo hannun kowa lokaci guda alhali hatsin da ke kasuwa bai ƙaru ba. Mu da muke awo mun san yadda kwano yake tashi idan masu saye suka fi kaya yawa, balle a wuraren da rashin tsaro ya hana noma.

Dattijon Yauri:

Ku gafarce ni, yarana, ku kuna lissafin kuɗi, ni kuma 'yan siyasa nake kallo. Ra'ayin kansa ba baƙo ba ne a wurinmu, domin Sayyidina Umar ya kafa diwani yana ba mutane rabo daga baitulmali, har ya sanya wa jarirai nasu. Amma ɗan siyasar yau ya fi son tallafin da ke da jerin sunaye, saboda wanda ke riƙe da takardar shi ake gaisarwa. Naira 5,000 ta zamanin Buhari da naira 25,000 ta wata uku da aka yi wa gidaje miliyan 15 alkawari a 2023 duk ta rajista suka bi. Abin da kowa zai samu a matsayin haƙƙi ba ya sa a yi wa wani godiya ranar zaɓe, don haka ban ga jam'iyyar da za ta ɗauke shi da gaske ba. Ko a Switzerland, inda kuɗi ba matsala ba ne, an kaɗa ƙuri'ar raba gardama kan wannan tsarin a 2016, kusan kashi 77 cikin ɗari suka ƙi.

Bakaben Argungu:

Na gode, Baba. Amma ko an kawar da jerin sunaye, ai sai an san mutum kafin a biya shi. Mahaifiyata ba ta da asusun banki, lambar NIN ɗinta ma sai da muka yi zuwa uku kafin ta samu. Malam, a cikin miliyan 100 ɗin da ka lissafa, ka sa irinta?