Kasada ko taka-tsantsan a farkon wasan NFL

A muhawarar ko kasada ko taka-tsantsan ya fi a farkon wasan NFL, wato gasar ƙwallon zari-ruga ta Amurka, yawancin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun karkata ga kasada, musamman a yunƙuri na huɗu (na ƙarshe cikin huɗun da ƙungiya ke da su don ta ci yadi goma gaba) idan yadi ɗaya ko biyu ya rage. Hujjarsu binciken masanin tattalin arziki David Romer na 2006, wanda ya duba rubu'in farko na wasanni, ya gano kociyoyi na saurin buga ƙwallo su sallama ta ga abokan hamayya. Sun tuno Doug Pederson, kociyan Eagles a lokacin, a Super Bowl (wasan ƙarshe na NFL) na 2018: dab da hutun rabin lokaci a yunƙuri na huɗu ya ƙi bugun maki uku, aka jefa wa ɗan wasansa Nick Foles ƙwallo ya cafke, Eagles suka samu maki shida.

Masu taka-tsantsan sun ce a duba wuri tukuna. Ina ganin gaskiyarsu: in kana kusa da gidanka, wato ƙarshen filin da kake karewa, buga ƙwallon nesa.